Inci Biyar Da Na Rage A Jakar Babur

Bari in faɗi laifina da bakina tun kafin Yaya ya riga ni: da gangan na rage inci biyar ɗin nan. Shekarata bakwai a kan keken ɗinki, ko aljihun wando ban taɓa yankawa ba daidai ba. Saboda haka duk wanda ya ce muku hannuna ne ya kuskure, bai san ni ba.

Jakunkunan na Injiniya ne, wanda za a ɗaura mana aure nan da wata biyar. Ba injiniyan jami'a ba ne fa, kada ku ɗauke shi da girma. Gyaran manyan babura yake yi a wani gareji da ke bayan layin masu taya, abokan aikinsa suka laƙaba masa sunan har ya bi shi. Shi kuma Tela yake ce min, ko a gaban Umma.

Tun kafin ya san ni yake da buri guda ɗaya a duniya. Akwai wani yanki na tsaunuka a wata ƙasa mai nisan tsiya, sai ka hau jirgi biyu kafin ka isa, babur ɗin ma a kwantena za a tura shi ta ruwa. So yake ya ratsa yankin nan daga wannan baki zuwa wancan, kwana arba'in, shi kaɗai. Hanyar wata biyu kacal take buɗewa a shekara, sauran watannin dusar ƙanƙara ce a kanta. Kuma bana, da ya gama haɗa komai bayan shekara shida yana shiri, buɗewar ta faɗo sati uku bayan bikinmu.

Kun dai san gidanmu ba za a yi shiru ba.

Ranar da ya fara kawo taswirar shagona, na tattara yadin wata amarya gefe ya shimfiɗa ta a kan teburin yanka. Falle huɗu ce ya haɗa da salatif, duk ta sha jan biro. Ya dinga bi da yatsansa mai baƙin mai a farce: nan tafki ne, nan gada ce ta katako, nan kuma iska ba ta isar mutum saboda tsawo, har babur sai ya riƙa tari.

"Babur yana tari?" na ce.

"Sosai ma. Sai an sake masa saiti."

"To mutanen wajen fa? Su ba sa tarin?"

"Sun saba. Makiyaya ne, a tanti suke zama."

"Tantin da me suke ɗinka shi? Wane irin zare ne zai riƙe a wannan iskar?"

Ya ɗago ya dube ni da wani irin tausayi, ya ce, "Kada ki damu, Tela. Lafiya lau zan dawo."

Jama'a, zare na tambaya! Amma haka muka yi ta yi wata da watanni. In na ce shanun wajen masu gashi har ƙasa ana tatsarsu kuwa, sai ya ce ba sa tunkuyi. In na ce ruwan tafkin da gaske shuɗi ne haka ko gyaran hoto ne, sai ya ce ai ba zai shiga wanka ba. Duk tambayar da na jefa masa, tsoro yake ji a cikinta. Ni kuwa wallahi ba tsoro ba ne. So nake in gani. Tun da aka haife ni ban taɓa wuce tafiyar awa uku daga ɗakin Umma ba, ga shi an shimfiɗa min wata duniya a kan teburin yankana, an ce in yi mata addu'a kawai.

Me ya hana ni faɗa masa? Ku ma kun sani. Ta ina yarinyar da ko keke ba ta iya hawa ba za ta buɗe baki ta ce a ɗauke ta? Sau uku ina rubutawa a waya ina gogewa.

Sai ga shi wata ranar Talata da tamfol mai kauri, koren soja, da manyan zif guda huɗu da takardar awo. Jakunkuna biyu yake so, na ratayawa gefe da gefe, waɗanda ruwa ba ya shiga. Tsawo inci ashirin da biyu, zurfi sha huɗu.

"Ba na yanka da awon wani," na ce masa. "Sai na ga babur ɗin da idona."

Washegari na rataya tef a wuya na tafi garejin. Doguwar riga ce a jikina mai ruwan toka, na zaɓe ta musamman don ko mai ya taɓa ba za ta nuna ba. Babur ɗin yana can ƙurya a kan ƙafarsa ta tsakiya, baƙi, ƙato, an goge shi har ina ganin mayafina a jikin tankin. Na zagaya baya zan fara awo, sai na tsaya.

Babu kujerar baya. Ya cire ta. Wurin da mai zama a baya yake ɗora ƙafa, shi ma ya kwance, sai ramukan noti biyu suna kallona. A maimakon kujerar ya yi waldar wani ƙarfe mai kamar gado, jarka biyu a ɗaure a kai.

"Ina kujerar?" na ce, kamar ba komai.

"Tana sama can," ya nuna min saman kanta, inda take kife cikin tsofaffin tayoyi. "Nauyin banza ce, tunda ba mai zama."

Ba mai zama. Na ji maganar nan har cikin ƙirjina, amma na ce, "Haka ne." Da wani ya kira shi waje duba wani mashin, na yi wuf na haye bayan wani babur irinsa da aka kawo gyara, na ɗora ƙafata inda ake ɗorawa, na auna daga bayan ƙaurina zuwa inda jaka za ta fara. Inci biyar. In jakar ta kai ashirin da biyu, ƙafar mutum ba ta da wurin zama. Na diro kafin ya dawo, na rubuta sha bakwai a tafin hannuna.

Kwana tara na yi ina ɗinkin nan. Allura huɗu na karya. Na ninka bakin sau biyu, na bi kowane layi da gam, na yi wa kowace jaka ƙaramin aljihu a ciki wanda bai ce in yi ba. Ranar Juma'a na ba shi a leda, ya karɓa yana ta godiya bai ko buɗe ba. Na ce a raina, in ya ɗora ya ga gibin, zai gane. Mutumin da ke jin ciwon inji daga ƙararsa, ai ba zai kasa karanta inci biyar ba.

Asabar da la'asar Yaya ya zo gida. Shi ne babba a ɗakinmu, tun rasuwar Baba shi ke yanke magana, kuma in ya zo da farin yadin nan mai guga kamar wuƙa, to akwai zance. Na kawo masa ruwa na juya zan fita.

"Zauna, Auta," ya ce.

Na zauna a hannun kujerar Umma. Tana ninke kayan wanki a cinyarta, ba ta dube ni ba.

"Na je wajen yaron nan ɗazu," Yaya ya ce. "Na faɗa masa gaskiya. Ba a ɗaukar 'yar mutane a ajiye ta sati uku a kama hanyar da ko waya ba ta shiga. In wani abu ya same shi, wa zai faɗa mana? Akuya?"

"Yaya, ai..."

"Ba sai kin ce komai ba, mun san kunya ce ta hana ki. Umma ta faɗa min halin da kike ciki."

Na juya na kalli Umma. Wane hali?

"Kina tsammanin ba na ganinki?" ta ce. "Kullum kina kan wayar nan kina kallon duwatsun nan kina ajiyar zuciya. Jiya har abinci ya kama a tukunya kina tsaye a kansa. Ni na haife ki, na san tashin hankali in na gan shi."

Innalillahi. Bidiyon wata mata nake kallo jiyan, tana kaɗa gashin dabba da wani ɗan siririn itace tana mayar da shi zare, ina son in ga yadda take murza yatsunta. Shi ne tashin hankalin.

"To me ya ce?" na tambaya, muryata can ƙasa.

"Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce in dai ke ce ba kya so, ya ji." Yaya ya kurɓi ruwa ya ajiye kofin. "Yaron kirki ne, ban ƙi shi ba. Haukan babur ne kawai, kuma aure zai warkar da shi."

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Amma Umma ta riga ta fara sa masa albarka, Yaya yana gyara hula. Na tashi na shige ɗaki.

Wayata tana kan gado, saƙo uku daga Injiniya.

Na farko: "Tela, na gwada jakar. Ta gaza da inci biyar ta gaba, duka biyun."

Na biyu: "Ban taɓa ganin kin kuskure awo ba. Yanzu na gane yadda abin nan ya dame ki. Ki yafe min, ban lura ba."

Na uku: "Ba sai kin gyara ba. Na fasa. Gobe sha ɗaya wani zai zo ya ɗauki babur ɗin, ya daɗe yana nema."

Na karanta na sake karantawa. Wato ya ga gibin, ya auna shi daidai har inci, sannan ya fassara shi a juye! Haushi ya kama ni, dariya ta kama ni, sai kuma hawaye. Shekara shida mutum yana ɗaura noti ɗaya bayan ɗaya, zai sallamar a safiya guda saboda wani tsoro da ban taɓa ji ba. In babur ɗin nan ya fita daga garejin, na san ko ya yi min murmushi shekara hamsin, ni ce matar da ta cinye masa tsaunukansa. Ni kuma ko ƙwallon dutse ɗaya ban gani ba.

Na kira, bai ɗauka ba. Na rubuta, "Kada ka ba kowa makulli sai na zo." Alama ta nuna ya karanta, bai ce komai ba.

Ƙarfe tara na safe ina garejin. Ranar Lahadi ce, ba kowa sai shi, yana zaune a kan wata tsohuwar taya da kofin shayi da ya huce. Ya kwance jarkokin, ya naɗe taswirar ya sa mata roba. Jakunkunana suna rataye a jikin babur ɗin, kyauta zai haɗa wa mai saye da su, ku ji fa.

"Sauko min da kujerar can," na ce, ko gaisuwa babu.

"Tela, ina kwana tukuna."

"Lafiya lau. Sauko da ita. Da abin ɗora ƙafar."

Ya hau benci ya sauko da kujerar, ya busa ƙurar, ya kwance ƙarfen jarkokin. Minti goma yana ɗaure-ɗaure, ni ina tsaye na harɗe hannu. Da ya gama na tattare rigata, dama da wando a ciki na zo, na taka na haye. Na ɗora ƙafar dama, na ɗora ta hagu. Ƙaurina ya zauna a gibin nan cif, ko yatsa ba zai shiga tsakani ba.

"Auna," na ce, na cire tef daga wuyana na miƙa masa.

Bai karɓa ba. Ya tsuguna yana kallon ƙafata da bakin jakar, ya koma ɗaya gefen ya sake kallo. Sifanar da ke hannunsa ta faɗi ƙasa.

"Ke..." ya ce. "Da gangan?"

"Shekara bakwai ina ɗinki, Injiniya."

"To duk tambayoyin nan..."

"Tambayoyi ne! Zaren tanti na tambaye ka, ka ce min za ka dawo lafiya. Wa ya ce maka ba za ka dawo ba? Ni so nake in ga shanun nan da idona. So nake in taɓa tantin in ga ɗinkinsa ta ciki. So nake in ji yadda iska take ƙarewa mutum, ko da zan yi ta haki kamar tsohon keke."

Ya zauna daɓas a ƙasa, cikin baƙin mai da komai, ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ni ma na so in yi, amma na daure, don ban gama jin haushinsa ba.

"Akwai sanyi fa," ya ce yana share ido. "Sanyin da ba ki taɓa ji ba."

"Zan ɗinka mana riguna."

"Bayanki zai yi ciwo tun kwana na biyu."

"Awa goma nake yi a kan keken ɗinki kullum. Faɗi wata."

Sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya tashi ya cire robar taswirar, ya shimfiɗa ta a kan tankin, ni ina zaune a baya ina leƙowa ta kafaɗarsa. Kowace rana ta tafiyar ya yi mata ɗigo da jan biro, ya rubuta lamba da inda zai kwana: nan masauki, nan gidan wani malamin makaranta da suka yi magana, nan sansanin masu gyaran hanya. Yatsansa ya bi su har falle na uku, ya tsaya. Daga lamba ashirin da biyu sai ashirin da shida. Tsakaninsu takarda ce fara fat, layin hanyar ma ɗigo-ɗigo ne.

"Nan ne," ya ce. "Kwana uku. Ba gari, ba gidan mai, ba sabis. Jarkokin nan saboda nan na ɗora su. In kin zauna, ba su da wuri."

"Ba a yin tanki babba?"

Ya shafa gemu, idonsa a kan tankin. Na san kallon nan, shi yake yi wa injin da ya ƙi tashi.

"Ana yi," ya ce a hankali. "Zan iya ƙera shi. Mai ba zai gagara ba." Ya buga yatsa a kan farin wurin. "Wurin kwanan ne ban sani ba. Waɗanda suka bi sun ce in ka ci sa'a ka tarar da makiyaya, su ba ka wuri. In sun tashi, ka kafa tantinka inda rana ta faɗi. Ni kaɗai ban damu ba. Amma da ke..."

"Da ni sai mu kafa tare."

Ya juyo ya dube ni sosai, irin kallon da bai taɓa yi min ba, kamar yau aka kawo ni gyara. Sannan ya ɗauki waya ya kira mai sayen, ya ba shi haƙuri, ya ce a ba shi sati guda. Da ya kashe ya ce, "Sati guda, Tela. Na ba Yayanku magana jiya, ba zan tashe ta a bayan idonsu ba. In Umma ba ta yarda ba, babur ya tafi."

"Ni zan faɗa mata."

Baki ne ya faɗa, amma ƙafafuna ba su yarda ba. Sau biyu ina wuce ƙofar gidanmu kamar baƙuwa.

Na same ta a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti, gilashinta a kan hanci. Na jawo kujera 'yar tsugune na zauna a gabanta, na faɗa mata komai a numfashi ɗaya, tun daga zaren tanti har inci biyar. Na ce ba tsoro nake ji ba, Umma, binsa nake son yi. Na rufe ido ina jiran salati.

Sai ƙarar tsakuwa da ta jefa a murfin kwano.

"Wato duk ajiyar zuciyar nan ta kwaɗayi ce," ta ce.

"Eh, Umma."

"Kika bar ni na tayar da Yayanku, ya je ya tsare ɗan mutane."

"Na kasa faɗa ne."

Ta cire gilashin ta dube ni. Ban ga fushi ba, ban kuma ga yarda ba.

"Shanun da gaske gashinsu har ƙasa?"

Na ɗago da sauri. "Wallahi, Umma, har suna share hanya da shi!"

"Ikon Allah." Ta girgiza kai, ta ci gaba da tsintarta. Har na fara murmushi, sai ta ce, "Kira min shi. Gobe bayan la'asar ya zo da takardar tasa, shi kaɗai, ba sai Yayanku ya ji ba tukuna. Kwana nawa kika ce?"

"Arba'in."

"To zai zauna nan inda kike, ya ɗora yatsa ya nuna min inda 'yata za ta sa haƙarƙarinta, rana ɗaya bayan ɗaya, da sunan mai wurin. In ya cika min arba'in, ni da kaina zan tari Yayanku. In ko ɗaya ya ɓace, kada in sake jin maganar duwatsu a gidan nan, daga bakinki ko nasa." Ta miƙo min farantin. "Ungo, wanke min."

Na karɓa na nufi famfo. Wayata ta yi ƙara a aljihu, na san shi ne tun kafin in duba.

"Ya ta ce?"

Na tsaya da faranti a hannu ɗaya, waya a ɗaya, ruwa yana zuba. Ɗazun nan na ƙirga jajayen ɗigon nan ta kafaɗarsa, kuma ni ba na kuskuren awo. Talatin da bakwai ne.